Kalma Mai Kishiyoyi: Lacca a Kan "Loose" ta Turanci

 

Kalma ɗaya tak aka ba ni in yi magana a kanta, kalmar Turanci mai haruffa biyar, wato "loose". Wanda ya buɗe ƙaramin ƙamus zai tarar an ce masa ma'anarta sako-sako, ya rufe ya kama gabansa. Ƙamus bai yi ƙarya ba, rowa dai ya yi masa. Bature yana liƙa wannan kalma ga haƙori, da riga, da kuɗi, da ganyen shayi, da bayan gida, da leɓe, da mace, har da tsarin mulkin ƙasa. Mu kuwa haƙori girgiɗa yake yi, riga yawa take yi wa mutum, ciki ɓaci yake yi, kowane da nasa aikatau. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, kalmar nan labari ɗaya take bayarwa: babu abin da ya riƙe wannan abu. Ko alheri ne hakan ko masifa, ba ta faɗa ba. Sai ka dubi abin da aka jingina ta da shi, ka tambaya, shin da ma a ɗaure ya kamata a same shi?

Kalmar nan baƙuwa ce a Ingila. A shekarar 793 mayaƙan ruwa daga arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, suka afka wa gidan ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfarne. Tun ana hari a koma, har a 865 babbar runduna ta sauka da niyyar zama, ta ci birnin York a 866. Sarki Alfred ya taka musu birki a Edington a 878, aka yi sulhu, aka bar musu arewa da gabashin ƙasar. Suka ajiye gatari suka ɗauki garma, aka yi auratayya, harsuna suka cakuɗe. Daga bakinsu Turanci ya samo "egg" da "sky" da "knife" da "window" da "law" da "husband", har da "they" da "them". Aron sunan kayan kasuwa ba wani abin mamaki ba ne, mu ma mun aro sukari da sabulu. Amma a ce al'umma ta aro wakilin suna, wannan sai an haɗa jini. A cikin wannan ayari "lauss" ta shigo, ma'anarta sakakke, wanda babu igiya ko wani nauyi a kansa. Wajen ƙarni na 13 ta fara bayyana a rubuce-rubucen Turanci.

Da ta iso, ta tarar da 'yar uwarta ta jini a gidan. Tsohon Turanci yana da "leas", mai nufin wanda ya rasa wani abu, wani lokaci kuma maƙaryaci. Baƙuwa ta samu wurin zama, 'yar gida ta kasa tsayawa da ƙafarta, ta koma ɗafa-ƙeya. Ita ce "less" ɗin da kuke gani a wutsiyar "homeless" da "useless" da "careless". Ku riƙe "careless" ɗin nan, za mu sake haɗuwa da ita.

Yanzu ga inda ɗalibai suke zubar da maki. Akwai "loose" mai wasali biyu a tsakiya, ana furta ta lus, akwai "lose" mai wasali ɗaya, ana furta ta luz. Kunnen Bahaushe ba ya rikita sa da za, don haka a baki ba mu da matsala, a alƙalami take. Kuma ku kwantar da hankalinku, 'ya'yan Turawa a Landan suna yin wannan kuskure kullum, laifin rubutun ne. Wanda ya ga "nose" da "rose" zai zaci "lose" haka take sauti, wanda kuma ya san "choose" zai zaci "lose" ma wasali biyu gare ta. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda a daidai lokacin da furucin dogayen wasulan Turanci yake sauyawa a bakin mutane. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya.

Aikatau uku ne a nan, kuma Hausa ta raba su tsaf. Ga akuya a turke. Idan ka yi "loosen" ɗin igiyarta, ka sassauta, ta samu numfashi amma tana nan. Idan ka yi "loose" ɗinta, ka sake ta, ta tafi kiwo da saninka. Idan kuwa ka yi "lose" ɗinta, sai cigiya. Saboda haka ma'aikacin da ya rubuta wa maigidansa cewa yana tsoron kada ya "loose" aikinsa, abin da ya faɗa shi ne yana tsoron kada ya saki aikin da hannunsa.

To ta yaya mai karatu zai gane wace ma'ana ake nufi? Ni dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su nemi kishiyar kalmar. Iyayenmu mata su yi haƙuri, masu nahawu ne suka sa wa abin wannan suna. "Loose" dai ta wuce iyakar shari'a, kishiyoyinta sun fi uku nesa ba kusa ba. Idan riga ce ko noti, kishiyar "tight" ce, abin da ya matse. Idan haƙori ne, "firm", mai ƙwari. Idan doka ce, "strict". Idan fassara ce, "literal", ta kalma da kalma. Idan shayi ne ko shinkafa, kishiyar ita ce ta cikin ƙunshi: "loose tea" ganyen shayi ne da ake aunawa, ba wanda aka ɗinke a 'yar jaka mai zare ba. "Loose change" kuwa canjin da ke yawo a aljihu. Da za ka gaya wa mai shayi cewa ganyensa sako-sako ne, kallon wanda notin kansa ya kwance zai yi maka, shi ma Bature "a screw loose" yake cewa a nan. Idan an ce fim "loosely based" ne a kan wani labari, ana nufin an ɗauki ƙashin labarin an sa masa wata tsoka, irin aikin da Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, da ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa ya mai da su 'yan gida. Babu mai zagin Imam da wannan. Amma tafinta a kotu ya gwada irin haka, wani zai kwana a kurkuku.

Bari in daɗe kaɗan a kan "loose cannon", don ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda kwamandan sojan ruwa Nelson ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar na 1805, yana ɗauke da igwa 104. Manyan da ke hawan ƙasa kowace ta kusa tan uku. A kan keken katako mai ƙafafu ake ɗora ta, domin idan ta tashi baya take zabura, sai a sake ɗurawa a jawo ta gaba. Abin da ke tsare ta igiya ce mai kaurin damtse, an zagaya ta ta bayan igwar, an ɗaure bakinta biyu a zobban ƙarfe da ke jikin jirgin. Yanzu ku ɗauka ana guguwa cikin dare, igiyar nan ta tsinke. Jirgi ya karkata dama, tan uku na ƙarfe ya gangara dama, ya karkata hagu, ya biyo. Wurin ƙunci ne, rufin ƙasa-ƙasa, fitila na lilo, babu wajen gudu. Ta murƙushe ƙafar wannan, ta farfasa keken 'yar uwarta, idan ta samu sa'a ta huda katakon jirgin ruwa ya shigo. Marubucin Faransa Victor Hugo ya zana irin wannan dare a littafinsa kan shekarar 1793, wanda ya fito a 1874. A labarin, sojan da ya yi sake igwar ta kuɓuce shi ne ya sai da ransa ya kama ta. Aka maƙala masa lambar yabo saboda jarumta, sannan aka harbe shi saboda sakaci.

Yau idan jaridar Turanci ta kira ɗan siyasa "loose cannon", ku lura ba abokin gaba take nufi ba. Igwarku ce, a jirginku take, da kuɗinku aka saya. Shi ne ɗan jam'iyyar da idan ya shiga gidan rediyo shugabanni suke dafe ƙirji, don ba a san wanda zai taka ba. Wanda ya fassara shi da mahaukaci ya zalunce shi, wanda ya ce jarumi ya yi masa kara. Na gida ne mai baki ba linzami.

Akwai kuma "play fast and loose". Kada "fast" ɗin nan ta ruɗe ku, ba ta sauri ba ce. Tsohuwar ma'anarta ɗaurewa tamau, ita ce a cikin "fasten" da ma'aikaciyar jirgin sama take faɗa idan za a tashi. Asalin maganar wata caca ce da 'yan damfara suke yi a kasuwannin Ingila a ƙarni na 16. Mutum zai ninka ɗamarar fata biyu, ya naɗe ta a kan tebur, ya miƙa maka tsinke ya ce soka a tsakiyar ninkin. Sai ya ja bakunan. Idan ɗamara ta maƙale a tsinken, ka ci, idan ta zame ta fita, kuɗinka sun tafi. Abin da baƙauye bai sani ba, yadda mai wasan ya kama bakunan wajen ja shi ke yanke hukunci, duk inda ka soka. Shekspiya ya yi amfani da maganar a wasanninsa, ciki har da na Sarki John. Har yau ana faɗarta ga mai baki biyu, wanda alkawarinsa a ɗaure yake idan ribarsa na ciki, a kwance idan ta fita.

A Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a 1942, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun nutsar da jiragen kaya masu yawa a gaɓar gabashin Amurka. Hukuma ta ji tsoron kada matuƙi ya sha ya bugu ya faɗi ranar tashin jirginsa a kunnen ɗan leƙen asiri. Daga nan taken "loose lips sink ships" ya bazu, wato sakin baki yana kifar da jirgi. Ingila tun 1940 tana da nata, "careless talk costs lives". Ga "careless" ɗin da na ce ku riƙe. Ƙasashe biyu, teku a tsakaninsu, kowace ta nemi kalmar da za ta tsawata wa mai surutu, ɗaya ta ɗauko baƙuwar, ɗaya ta ɗauko 'yar gidan da ta koma wutsiya.

Yanzu inda kalmar ta yi rashin adalci. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 ake amfani da ita ga marar kamun kai. A ƙa'ida namiji ma tana hawa kansa, amma a bakin mutane "loose woman" ce ta zauna daram, "loose man" kuwa da wuya ka ji. Idan aka ce namiji yana "on the loose", fursuna ne ya tsere, a rufe ƙofa. Idan an ce ya yi "cut loose", ya saki jiki ne yana shaƙatawa. Ita mace kaɗai ce idan aka haɗa ta da kalmar, mutuncinta ake nufi. Ku tuna tambayarmu ta farko, ko da ma a ɗaure ya kamata a sami abin. Harshen ya riga ya amsa a madadin mace, bai tambaye ta ba. Kada mu yi wa Bature dariya, mu ma ballagaza muka fi ji, ba safai ake neman namijinta ba. Tun 1999 gidan talabijin na ITV a Ingila yake da shirin hira na mata zalla mai suna Loose Women, sun ɗauki zagin da gangan sun mai da shi sakin baki a faɗi ra'ayi. Shawarata ga ɗalibai, ku san wannan ma'ana don ku gane ta idan kun gani, amma kada ku furta ta a kan 'yar kowa.

Mu shiga asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa ita ce mutum ya yi bayan gida mai ruwa, abin da takardunta suke kira "loose" ko "liquid", sau uku ko fiye a yini. A Indiya ma "loose motion" suke ce wa zawo kai tsaye. Ga uwa ta zo da jariri ɗan wata biyu a goye, ma'aikaciyar jinya da takarda a gabanta tana son cike gurbin "loose stool". Idan ta tambaya, "Maman yaro, kashinsa da laushi?" amsar e ce, domin kashin jaririn da ke shan nono zalla da ma haka yake, kuma hukumar da kanta ta ce wannan ba gudawa ba ce. Ƙwararriya ba haka take tambaya ba. Cewa take yi, "Ya tsinke kamar ruwa? Sau nawa tun safe? Ya fi yadda ya saba? Yana kama nono?" Sai ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta ga ko za ta koma da wuri, ta duba maɗigarsa ko ta faɗa. Tsakanin laushi da tsinkewa akwai yaron da za a sallama da wanda za a fara ba ruwan gishiri da sukari nan take.

A banki kuma wani abu ne daban. "Loose monetary policy" na nufin babban banki ya rage kuɗin ruwa don bashi ya yi araha, kuɗi su yawaita a hannun jama'a. Babban bankin Amurka ya saukar da nasa zuwa kusan sifiri a Disambar 2008, bai ɗaga ba sai Disambar 2015. Namu na Nijeriya akasin haka ya yi a 2024, ya yi ta matsewa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba, don yaƙi da hauhawar farashi. Wanda ya juya "loose" ɗin nan da sakaci ya sa wa gwamnan banki laifin da rahoton bai sa masa ba. Sassautawa ce, kuma da gangan ake yi. Idan Bature yana son zargi, yana da "lax", wadda ya gado daga Latin, ita kusan kullum tsawa ce.

Masu karatun zaure a cikinku sun san ahlul halli wal aƙdi, masu warwarewa da ƙullawa, waɗanda malamai irin su Mawardi suka ce su ke zaɓen shugaba. Halal ma daga tushen kwancewa ta fito. Mulki ke nan a taƙaice, sanin abin da za a ɗaure da wanda za a kwance, shi ya sa rigimar "loose" mafi zafi a fagen doka take.

A ƙarshen 1790 Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka, ya nemi a kafa bankin ƙasa. Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, ya ce tsarin mulki bai ambaci banki ba ko sau ɗaya. Akwai dai sashen da ya ba majalisa ikon yin dokokin da suka zama dole kuma suka dace don gudanar da ayyukanta. Jefferson ya ce dole tana nufin abin da babu makawa sai da shi, kuma ana iya karɓar haraji ba banki. Hamilton ya ce a maganar yau da kullum, dole takan nufi abin da ake buƙata, mai amfani ga aikin. Shugaba George Washington ya karanta takardun biyu, ya sa hannu a dokar bankin. A 1819 Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta bi fahimtar Hamilton a shari'ar McCulloch da jihar Maryland. Littattafan makaranta suna kiran hanyar Jefferson "strict construction", ta Hamilton "loose construction". Sai dai masu bin Hamilton sun fi son a ce "broad", mai faɗi, domin sun san "loose" tana da ɗan warin sakaci. Daga kalmar da marubuci ya zaɓa kana iya gane inda ya karkata.

Mu ma abin ya zo ƙofar gidanmu. Ran 4 da 5 ga Janairun 1967, shugabannin sojan Nijeriya suka zauna a Aburi ta ƙasar Gana, bisa gayyatar shugabanta Janar Ankrah, don neman hanyar da ƙasa ba za ta wargaje ba. Aka amince a ƙara wa gwamnonin yankuna iko, manyan shawarwari kuma sai da yardarsu. Aka rabu ana musabaha. Da aka dawo gida, gwamnan Yankin Gabas Ojukwu ya karanta yarjejeniyar a matsayin haɗaka mai sako-sako, kowane yanki ya riƙe kansa. Manyan sakatarorin gwamnati a Legas suka gaya wa shugaban ƙasa Gowon cewa idan aka bi ta haka, babu abin da zai rage a tsakiya. Doka ta 8 da aka fitar a watan Maris ta ɗauki kaso mai yawa na abin da aka amince, Ojukwu ya ce ba ta cika ba. Ran 27 ga Mayu aka ƙirƙiro jihohi 12, ran 30 ga Mayu aka ayyana Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi, ba a daina ba sai Janairun 1970. Ba na cewa kalma ce ta jawo yaƙin, jinin da aka zubar a 1966 ya isa dalili. Amma takarda ɗaya ce mutane suka sa wa hannu, wasu suna ganin an sassauta igiya, wasu suna ganin an sake ta.

Har gobe idan zancen sake fasalin ƙasa ya taso, za ku ga "loose federation" a jaridun Turanci. Marubucin yana iya fakewa a bayan kalmar, mai goyon baya ya karanta ya ji daɗi, mai adawa ya karanta ya ji tsoro, kowa ya ga abin da yake nema. Ɗan jaridar da zai karanta labarin da Hausa da ƙarfe shida na safe ba shi da wannan mafaka. Ko dai ya ce a sassauta wa jihohi, ko ya ce a sake su, kuma kafin ya zaɓa sai ya koma ya karanta jawabin gaba ɗaya, ya ga wanne mai maganar yake nufi.